Jarkar Tsimin Kaji Daga Marwa

Tun da na dawo daga Marwa ba a bar ni na huta da tambaya ba. Falmata ta tare ni a gidan suna, Zara ta kira ni sau uku, ku kuma 'yan ajinmu kullum sai na tarar da saƙonku a waya: "Yagana, wai me ya faru a hanya?" Duk wadda na fara ba wa labarin da baki, in na iso wani wuri sai muryata ta fara rawa, in ce mata sai wani lokaci. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, kowa ta karanta, ni ma in huta.

Kun san tun da muka gama sakandare nake kiwon kajin buroila a gidanmu na Bulabulin a nan Maiduguri, a ɗan ɗakin nan na kusa da zaure. Zubi biyu na yi, kuma duka biyun a sati na uku gudawa ta shiga cikinsu. Na sayi maganin kwalba, na sayi na leda, na zuba musu har ruwan shansu ya koma rawaya, amma kullum da safe sai na kwashi matattu. Da zubi na biyu ya ƙare, Ya, mahaifiyata, ta tsaya a ƙofar ɗakin ta toshe hanci da bakin mayafi, ta kira ni yadda ake kiran yarinya da Kanuri, ta ce, "Fero, sau ɗaya ya rage miki. In na ukun ma suka mutu, gawayi zan zuba a ɗakin nan. Shi ba ya gudawa." Wadda ta san Ya ta san ba ta maimaita magana.

Goggo Hajja, ƙanwar babana da ke aure a Marwa cikin Kamaru, ta daɗe tana kiwon irin kajin nan, kuma ba ta kai wa ga maganin kanti sai ciwo ya yi tsanani. Wani tsimi take ba su, na tafarnuwa da citta da ganye. Na ce ta faɗa mini yadda ake yi a waya. Ta ce, "Ba a koyon wannan a waya. Kuma sai da uwa. In babu uwa sati uku ne kafin ya nuna, in da uwa kwana biyar." Uwa ita ce ragowar tsohon tsimi da ake zubawa a sabon haɗi don ya tashi da wuri. Ta ƙara da cewa tun ranar da 'yan tsaki suka iso ake fara ba su. Ni kuwa na riga na ba da sunana wajen Mama Ebuka, matar nan 'yar Ibo mai shagon abincin kaji a kasuwa, 'yan tsaki hamsin za su iso mini cikin kwana goma sha biyu. To kun ji abin da ya fitar da ni, ni da ban taɓa wuce Konduga ba.

Ya ba ta yarda in tafi ni kaɗai ba. Ta haɗa ni da maƙwabciyarmu Hajja Bintu, mai sayar da turaren wuta da humra, wadda take kai kaya Marwa duk bayan wata biyu. Sa'ar mahaifiyata ce. In ta wuce ta layinmu, sai ƙamshinta ya yi minti goma bai bar wurin ba.

Bayan sallar asuba muka isa Tashar Bama. Mu huɗu aka cusa a kujerar baya, gwiwata a cikin ta Hajja. Direbanmu Modu mutum ne mai goro a baki da barkwanci. Ya dube ni ta madubi ya ce, "Wannan sabuwar shiga ce, ko? Ga ta tana ta motsa baki." Gaskiya ne, addu'a nake yi. Sai da muka jira aka buɗe hanya, sannan motoci suka jeru, sojoji a gaba, muka bi. Har Konduga ana hira, ana gardamar farashin wake. Da muka shiga Bama sai motar ta yi tsit. Gidaje ne wasu da sabon kwano, wasu bango kawai a tsaye. Wata tsohuwa da ke gaba ta nuna wani kango da haɓa ta ce, "Nan ne namu," babu kuma wanda ya tambaye ta.

Ni a zatona iyakar ƙasa wata babbar katanga ce mai ƙofa. Ashe Banki da Amchide kusan gari ɗaya ne, ka taka 'yan taku kaɗan an ce ka bar Najeriya. Wani jandarma ya karɓi katin ɗan ƙasata da katin allura, ya juya su, ya yi mini wata doguwar magana da Faransanci. Ban ji ko kalma ɗaya ba, sai na rusuna na ce masa, "Yessa." Duk waɗanda ke layi suka kwashe da dariya. Hajja ta zungure ni ta ce, "Tambayarki ya yi ko kina da aure, kin ce masa e. Allah ya sanya alheri." Har yau ban san ko gaskiya ta faɗa ko tsokanata take ba.

Daga nan wata motar muka hau zuwa Mora, daga Mora zuwa Marwa. Abin da ya fara ba ni mamaki a garin shi ne babura. Ku tuna rabonmu da ganin ɗan acaɓa a titin Maiduguri tun muna 'yan firamare. A can kuwa kamar ƙudaje, mata da manyan zannuwa a baya suna latsa waya hankali kwance. Hajja ta tsayar da biyu. Ina hawa, mutumin ya ja, na damƙi rigarsa ta baya da hannu biyu. Da muka isa ƙofar gidan Goggo, maɓallinsa biyu sun tsinke. Ya duba ƙirjinsa, ya dube ni, ya yi magana da Fulatanci. Goggo da ta fito taryarmu ta yi dariya har da riƙe bango, ta ce cewa ya yi ya taɓa ɗauko akuya, ba ta yi masa haka ba.

Kwana uku na yi a gidan. Zafi ne irin namu, don haka a baranda aka kafa mini gidan sauro. Da safe ba shayi da ƙosai ba ne kamar gida. Fanke ne da dafaffen wake mai mai da kunu, sai wani dogon burodi mai taurin baya da mijin Goggo, Baffa Hamadu, yake shigowa da shi a hammata babu ko leda. Na ce a raina da Ya ta ga an ɗauko abinci a hammata da an ji kanmu. Da rana tuwon dawa da miyar yakuwa mai gyaɗa, tsaminta har kunne, amma a rana ta biyu na nemi ƙari. A kasuwa Hausata ba ta yi mini amfani sosai ba, Fulatanci ne kowa ke yi, har waɗanda ba Fulani ba. Sai wajen wata mai busasshen kifi na ji tana yi wa wata faɗa da Kanuri. Na gaishe ta da yarenmu na ce, "Wushe." Ta riƙe hannuna ta ƙi saki, sai da ta tambaye ni unguwanni biyar na Maiduguri ɗaya bayan ɗaya, ko suna nan. Akwai kuma kogi a tsakiyar gari da babu ruwa a cikinsa, yashi ne zalla, mutane suna tona rami a ciki suna wanki.

Ɗakin kajin Goggo shi ya fi komai ba ni kunya. Na shiga ina shirin toshe hanci, sai na ji babu wari. Ɓuntun shinkafar da ke ƙasa a bushe yake, kajin a tsaye, ido tar. Ta ce, "Kafin ki tambaye ni tsimi, dubi ƙasa. Duk inda ya jiƙe a kwashe a ranar. Ke sau nawa kike canza naki?" Na kau da kai na hau kallon kajin. Ta ce, "Na ji amsar."

Sannan ta zaunar da ni gaban turmi. Na ɓare tafarnuwa har farcena ya yi zafi. Muka daka ta da ɗanyar citta da ɗan kurkum, aka narka mazarƙwaila a ruwan da aka tafasa ya huce, aka haɗa, sannan ta ɗebo uwa daga tsohuwar robarta ta zuba. Ganyen darbejiya 'yan ƙwarori kawai ta jefa. Na ce, "Goggo, ai mu darbejiya ce ta cika mana gari, zan zuba da yawa." Ta ce, "Zuba, ki ga kaza ta yi azumi. In ya yi ɗaci ba za su sha ba, ba za su ci ba." Zogale kuma ba ya shiga tsimi, garinsa ake barbaɗawa a abinci. Ta ba ni ganyen in shanya, ni kuma na shimfiɗa shi a tsakar gida, rana tsaka, yadda muke shanya kuɓewa. Da ta fito ta gani sai ta yi salati. "Yagana! A inuwa! Rana ta cinye amfanin, kin bar wa kaji kara." Baffa Hamadu yana kan tabarma ya ce, "Ki bar ta, 'yar boko ce, sai an rubuta mata a allo." Na kuwa ɗauko biro na rubuta komai a bayan littafina. Murfin jarka ɗaya a mazubin ruwa. Rigakafin da ake yi wa kaji a ci gaba da yi, tsimi ba ya maye gurbinsa.

Ranar dawowa Goggo ta cika mini jarka mai lita biyar da uwa, ta bar sarari a sama. Ta ɗora murfin ta murza kaɗan ta tsaya. Ta ce, "Abin nan yana da rai, numfashi yake yi. Murfin a sassauce, ki riƙe ta a tsaye tsakanin ƙafafunki. Kin ji?" Na ce na ji.

Daga Marwa zuwa iyaka haka na yi. Sai dai warin tafarnuwa ya cika motar. Wani mutum ya ce, "Wace ce ta ɗauko farfesu ba ta raba ba?" Na ga Hajja Bintu tana ta jan jakar atamfofin da ta saro nesa da ƙafata, tana shinshina bakin mayafinta. A Banki muka sake samun motar Modu, muka zauna jiran a tashi ayari. Na je kewayawa da alwala. Da na dawo babu jarka a inda na bar ta. Hajja ta ce, "Na gyara miki. Haka ake ɗaurin kayan ruwa, fero, shekarata nawa ina safarar humra ko ɗigo bai taɓa zuba ba." Ta sa leda a bakin jarkar, ta murza murfin har ƙarshe, ta naɗe da roba, ta saka a buhu, Modu ya tura bayan mota.

A nan ne laifina yake, kuma ba zan ɗora wa kowa ba. Na buɗe baki, maganar Goggo tana kan harshena. Amma matar nan sa'ar mahaifiyata ce, ita ta kula da ni tun daga gida, ga mutane suna kallo. In ce mata ta kwance abin da ta ɗaure? Na ce a raina awa nawa ne, ai mun kusa gida. Na ce, "Na gode, Hajja."

Ba mu tashi da wuri ba. Motar ta daɗe a rana, sannan muka yi ta tafiya ana tsayawa.

Kafin a shigo Maiduguri akwai shingen da kowa ke sauka ya ɗauki kayansa ya wuce da ƙafa. La'asar ta yi. Modu ya miƙo mini buhuna, na ji shi da zafi kamar an sauke daga wuta. Jarkar ta kumbura ta zama kamar ƙwarya, har mariƙin ya shige ciki, babu inda zan kama. Sai na rungume ta a ƙirji, hijabina ya sauko ya rufe rabinta, na shiga layi. Muna cikin tafiya na ji wani sauti siriri yana fita daga buhun, tsss. Matar da ke bayana ma ta ji. Ta dubi ƙirjina, ta dubi fuskata, ta kurma ihu.

Ku 'yan garin nan ne, ba sai na faɗa muku abin da ake tunani ba in an ga yarinya da hijabi ta rungume abu a wajen shinge. Kafin in juya, layin ya watse. Takalma a zube, wata ta yar da ƙullin kayanta, wani ya faɗa kwalbati. Ni kaɗai a tsakiyar titi. Wani soja daga bayan buhunan yashi ya daka tsawa, "Tsaya nan! Kar ki motsa!" Na ga bakin bindiga, ba ɗaya ba. Ban yi kuka ba. Abin da na tuna shi ne kunnuwana sun toshe, sai sautin nan kawai nake ji a ƙirjina.

Wani ɗan sa-kai ya yi mini magana da Kanuri daga nesa, ya tambaye ni mene ne a hannuna. Na ce, "Na kaji ne." Muryar ba ta fita ba. Na sake cewa, "Na kaji ne." Ya ce in taka a hankali zuwa filin da ke gefen titi, in ajiye, in buɗe da hannuna. Na ji abin da ya ce sarai, amma ƙafafuna suka ƙi ɗagawa. Ya maimaita. Sojan ya sake tsawa.

Sai na ji muryar Hajja Bintu. Ita ma da farko ta gudu da mutane, ba ta san ni ce ba. Ga ta nan ta fito daga bayan wata mota, hannuwa a sama, ƙafa ɗaya babu takalmi, tana tahowa tana magana da ƙarfi. "'Yata ce! Maganin kaji ne, tafarnuwa ce! Ofisa, ni na ɗaure shi, ni zan kwance!" Aka ce ta koma. Ta ce, "In koma in ce wa uwarta me?" Ta iso ta kama gwiwar hannuna ta ce a hankali, "Taka, fero. Ɗaya. Yawwa. Ɗaya kuma." Haka ta kai ni filin kamar mai koya wa yaro tafiya.

Muka durƙusa. Ta zare buhun, ta warware robar, ta ce bismillah ta murza murfin. Ya yi wata ƙara ya tashi sama, ban ga inda ya faɗa ba. Tsimin ya yi tsiri ya wanke wa Hajja fuska da mayafi, kumfa tana ta ambaliya. Ban san lokacin da na kifa tafin hannuna a bakin jarkar na danne ba. Wallahi a wannan lokacin ba bindiga nake tunani ba, ɗakin kajina nake gani cike da buhunan gawayi.

Warin ya isa wajen sojojin kafin su iso wajenmu. Ɗaya ya matso, ya leƙa, ya ce in kurɓa. Na kurɓa, tsami da yaji suka sa ni tari. Ya sauke bindigarsa ya yi ajiyar zuciya, na ga shi ma gumi ne sharkaf a wuyansa. Da Hausarsa da ba ta nuna ba ya ce mamarsa a garinsu ruwan shuwaka take ba kajinta, amma ba ta taɓa rufe hanya da shi ba. Ya ce in sake ɗauko irin wannan, in riƙe a hannu kowa yana gani, in faɗa tun daga nesa. Babu wanda ya yi dariya sai da muka koma mota, Modu ya shaƙi iska ya ce, "Hajja, wannan sabon turaren nawa ne kwalba?" Ta ce, "Ja motarka, ɗan banza." Ni dai har gida hannuna yana kan bakin jarkar, don murfi ya tafi. Hajja kuma ta riƙe ɗaya hannun nawa ba ta saki ba.

Abin da ya rage a ƙasan jarkar bai fi kaurin yatsu uku ba. Washegari na daka tafarnuwa da citta, na haɗa a bokiti, na juye ragowar, na rufe da ƙyalle. Ban san ko uwar ta mutu da zafin da ta sha ba. Kwana huɗu babu motsi. Kwana biyar babu. Na kira Goggo ina kuka, ta ce, "Ki bar buɗe shi kowane lokaci, ba tuwo ba ne. Gobe ki kara kunne." Rana ta shida da safe na durƙusa na kara kunnena a jikin bokitin, na ji yana 'yar ƙara ƙasa-ƙasa. Na ɗaga ƙyallen, kumfa ta rufe sama. Washegari 'yan tsakin suka iso. Mama Ebuka da kanta ta kawo su a keke, ta leƙa ɗakin ta ce, "Yagana, kaji za ki kiwata ko miya za ki dafa?"

Biyu sun mutu a satin farko. Sati na uku ya zo, kullum in na tura ƙofar sai na rufe ido tukuna. Ya wuce, ban kwashi ko ɗaya ba. Ba zan rantse muku cewa tsimin ne kaɗai ba, don ɓuntun ma yanzu ba na bari ya kwana a jiƙe, kuma na yi musu rigakafi a kan lokaci. Ni dai na san ban sayi maganin kwalba ba a wannan zubin.

Jikina ne har yanzu bai dawo daidai ba. In aka buɗe kwalbar lemo kusa da ni sai na zabura. Hijabin da na sa ranar na wanke shi sau huɗu, yana ƙasan akwati, ban iya sa shi ba. In na hango shinge ko a cikin gari ne, tafin hannuna sai ya jiƙe.

Shekaranjiya, kajin suna sati biyar, ina zuba musu ruwa sai na ji mutum a bayana. Mahaifiyata ce. Ba ta taɓa wuce bakin ƙofar ɗakin nan ba, amma ranar ta cire takalmi ta shigo har tsakiya, ba ta toshe hanci ba. Ta daɗe tana dubansu. Ta sunkuya ta kama ɗaya, ta jinjina nauyinta, ta saki. Ta kama wata, ta saki. Ta uku da ta ɗaga, wadda ta fi duka ƙirji, sai ta miƙo mini.

"Ɗaure mata ƙafa," ta ce. "Ki kai wa Hajja Bintu. Da kanki."